Gwaggo Tela da Kwazazzabon Bayan Gida

Gwaggo Tela ita ce babba a ɗakinsu, ita ce kuma ta goyi autansu, wanda yanzu duk layin ke kira Magini. Tana 'yar budurwa mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata yaron da bai gama iya tafiya ba da wani baƙin keken ɗinki na ƙafa. Ta riƙe duka biyun. Yaron ya girma har ya yi gemu da 'ya'ya, keken kuwa yana nan yana aiki, in ban da ƙara da ya ƙaro da tsufa. Ta yi aure ta zauna lafiya da mijinta, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu ta ɗauko kekenta ta dawo gidan mahaifinsu, inda Magini yake zaune da iyalinsa, ta shiga ɗakin baya, ɗakin mahaifiyarsu. 'Ya'yan Magini suka tashi suna ce mata Gwaggo, sunan ya bi layi, har tsofaffin da suka girme ta Gwaggo suke ce mata.

Ɗakin bayan ba wani babba ba ne. Gado, akwati, keke, sai ƙusa a bango inda ake rataye tef ɗin awo tun zamanin mai ɗakin ta farko. Amma tagarsa gabas take kallo, kuma Gwaggo ta sha faɗa cewa duk gidan babu inda zare ke shiga allura da sauƙi kamar gindin tagar nan da safe. A nan ta koyi ɗinki a tsaye kusa da gwiwar uwarta. A nan kuma rabin matan layin suka tsaya ta auna su, daga rigar makaranta har rigar goyon ciki.

Gidan shi ne na ƙarshe a layin, a can ƙasan gangare. Lokacin da mahaifinsu ya gina shi gonaki ne a samansa, in an yi ruwa ƙasa ta shanye, ɗan abin da ya rage ya bi wata 'yar hanya ta bayan gidan ya wuce. Sai gonakin suka zama fulotai, fulotan suka zama gidaje. 'Yar hanyar ruwan da yaro kan tsallake da ƙafa ɗaya ta fara faɗi tana zurfi. Wata shekara akuya ta faɗa sai da igiya aka fito da ita. Maƙwabta suka riƙa juye shara a ciki, wai suna taimaka mata ta cike, ruwa ya zo ya kwashe sharar ya haɗa da ƙasar da ke ƙarƙashinta. Kafin a farga ta zama kwazazzabo, ramin da babban mutum zai tsaya a ciki ba a ga hularsa ba, kuma kowace damina sai ya matso kusa da ɗakin Gwaggo.

Magini bai zauna ba. Ya yi wa ramin katangar bulo mai kauri, ya ce an gama. Ruwa ya bi ta ƙarƙashinta ya kwashe ƙasar, katangar ta kwanta gaba ɗayanta kamar an tura ta. A daminar da ta biyo baya ne Gwaggo ta tashi da safe ta ga bangon tagar ya tsage, tsagar da haske ke shigowa ta ciki.

Magini ya zo ya sa yatsa a tsagar.

"Yaya, ki fito daga ɗakin nan," ya ce. "Kafin wata daminar zan rushe shi in ja katanga ciki. Gara mu ba ramin ɗaki ɗaya da ya ɗauke mana ke."

"Auta, ɗakin uwarka za ka rushe?"

"Ni ban san ta ba, Yaya. Ke na sani."

Gwaggo ta yarda. Ta bari aka fitar da keken zuwa rumfar tsakar gida, aka kai gadonta ɗakin 'yan mata. Tef ɗin awon dai ta bar shi a ƙusarsa.

Bayan 'yan kwanaki ta yi shiri ta tafi ofishin hukumar gari, sashen masu kula da magudanan ruwa. Ta zauna a benci har aka kira ta wajen wata injiniya, yarinya ce doguwa mai tabarau, teburinta cike da taswirori. Gwaggo tana ba ta labarin ramin, idonta yana kan lafin rigar Injiniya da ya karkace.

"Wa ya yi miki wannan ɗinkin, 'yata?"

Injiniya ta duba rigarta ta yi dariya. "Gwaggo, ƙarar rami kika kawo ko ƙarar telana?"

"Rami tukuna. Telan naki ma zan zo kansa."

Injiniya ba ta yi mata alkawarin ƙarya ba. Ta ce babbar magudana ta kankare tana cikin shirin hukuma, amma layukan da ke jira suna da yawa, ba bana ba, mai yiwuwa ba baɗi ba. Sai dai ta zo da kanta ta ga wurin. Ta sauka cikin kwazazzabon da takalmin roba, ta ɗebi ƙasa ta murza, ta ɗaga kai ta dubi saman layin.

"Wannan shi muke kira zaizayar ƙasa," ta ce. "Amma Gwaggo, nan wurin cin abincinsa ne kawai, ba nan aka haife shi ba. Ruwa ba ya cin ƙasa sai ya taru ya samu gudu. In aka sake yin ruwa da rana, ki bi shi zuwa sama ki ga inda yake fitowa."

Ruwan ya zo wata ranar bayan azahar. Gwaggo ta ɗaure zane, ta ɗauki lema, ta fita matar Magini tana kiranta ba ta waiga ba. Layin ya zama kogi, ruwan yana dukan ƙwaurinta. Ta riƙa bin bango tana hawa. A gida na farko ta ga ruwa yana fitowa ta rariya, wato 'yar kafar da ake bari a gindin katanga, da ƙarfi kamar an buɗe famfo. Gida na biyu haka, na uku haka. Kowane gida yana amayo nasa cikin layi, layin yana tattarawa yana kai wa ɗakinta. Sai da ta kai gidan tsohon Mai Wanki ta tsaya. Rariyarsa ɗiga kawai take yi, kamar buta mai yoyo.

Gwaggo ta san cikin gidajen nan duka, don babu tsakar gidan da ba ta durƙusa ta yi awo a ciki ba. Ta Mai Wanki ce kaɗai ta rage ƙasa zalla. Sauran duk an yi musu daɓen siminti daga bango zuwa bango. Kuma ta san wanda ya yi daɓen.

Abin da Magini ya yi suna a kansa ke nan. Duk wanda ya samu ɗan hali a layin, abu na farko da matarsa za ta nema shi ne a raba ta da taɓo, sai a kira Magini. Shi kuwa zai ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya karkata daɓen zuwa rariya daidai yadda ya kamata, in ya gama ya watsa bokitin ruwa a gaban masu gida su ga yadda yake gudu. Kirarinsa kowa ya haddace: "In na yi daɓe, ko ɗigon ruwa ba ya kwana a gidan." Gaskiya yake faɗa. Ba wanda ya taɓa tambaya ina ruwan yake zuwa ya kwana.

Ta dawo sharkaf, lemar ta karye. Ta same shi a rumfa kusa da kekenta yana jiran ruwa ya ɗauke.

"Auta, na gano mai rushe mini ɗaki."

"Wane ne?"

"Wani magini ne. An ce gwani ne, ruwa ba ya kwana a aikinsa."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ta lissafa masa gidajen ɗaya bayan ɗaya tana matse gefen zaninta, ta gaya masa na Mai Wanki. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya dubi daɓen tsakar gidansu, wanda shi ne na farko da ya fara gwada hannunsa a kai, ruwa yana sulalewa a kansa zuwa rariya.

"To me kike so in yi? In bi gida gida in fasa aikin hannuna?"

"Ni kullum farke ɗinkina nake yi in bai zauna a jikin mutum ba. Ka ga na mutu?"

Ya tashi ya shige ɗaki. Ya yi kwanaki yana gaishe ta a taƙaice, yana fita da wuri. Da Injiniya ta dawo, Gwaggo ta sa aka kira shi, ya zo yana cin magani. Injiniya ta tsuguna ta zana musu a ƙasa da tsinke. Ba duk daɓen za a fasa ba. A kusurwar da ruwa ke gangarawa, nesa da harsashin gini, za a yanka siminti a haƙa rami, a zuba manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama har ya zo daidai da daɓen. Ruwa ya fara shiga nan ƙasa ta sha, abin da ya fi ƙarfin ramin ne kawai zai fita ta rariya. Wanda yake da duro ya ajiye a ƙarƙashin indararo. A cikin kwazazzabon kuma ba katanga ɗaya doguwa ba, 'yan madatsai gajeru na buhunan yashi, hawa hawa kamar matakala, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta kai ba ta gefe ba. A bakinsa a dasa jema, ciyawar nan mai saiwa mai zurfi, layi layi a gicciye.

"A rage masa gudu, a raba shi, a bar ƙasa ta sha," in ji ta. "Aikin ke nan."

Magini ya tsura wa zanen ido. Sai ya karɓi tsinken ya gyara wani layi. "In haka ne, daɓen nawa ba ɓata ya yi ba. Ruwan duk wuri ɗaya yake zuwa, na san kusurwar a kowane gida ido rufe."

"Shi ya sa kai ne za ka yi," in ji Gwaggo.

Da damina ta wuce ya ɗauki guduma ya fara da tsakar gidansu. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe haɓa. Bugun farko ya yi shi kamar mai dukan ɗansa. Na biyu ya fi sauƙi.

Sauran gidajen aikin Gwaggo ne, kuma ba ta bi ta kan maza ba. Ta san tsakar gida ta mata ce, su suka nemi simintin, su za su yarda a taɓa shi. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta kai ta ɗakin baya, wai tef ɗinta yana can. Mace ta ɗaga hannu ana auna ta, idonta yana kan tsagar bango, ta taga kuma tana hango ramin. Gwaggo ba ta cewa komai sai an tambaya. In an tambaya kuwa sai ta kai mutum kusurwar tsakar gida ta watsa bokitin ruwa a kan tsakuwa, ya ɓace a gabansu.

"Ba zai tara sauro ba?" in ji matar Direba, maƙwabciyarsu.

"Sauro a ina zai zauna, kin ga ruwa a tsaye?"

"Yara fa?"

"Taka ki ji. In ya ɗauke ki, zai ɗauki yara."

"Gwaggo, wato ƙiba kike ce na yi."

"Ni ban ce ba. Tef ne ya faɗa."

Haka gidajen suka riƙa buɗewa. Magini yana shiga da guduma da diga, yana fitowa fari fat da ƙurar siminti, masu gida suna tsokanarsa: jiya ka ce kada ruwa ya kwana, yau ka zo yi masa shimfiɗa. Shi kuma ya ce baƙo ne, an gano ɗan'uwa ne. Gwaggo kuwa ta sa aka tattaro mata buhunan siminti da na taki da aka gama da su, ta sa wa keken babbar allura da zare mai kauri, ta riƙa haɗa su bibbiyu tana ninka baki. Keken ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba, allurai suka kakkarye, yatsunta suka yi kanta. Mazan layin suka cika buhunan a ranakun hutu suka jera su a ramin, ita tana tsaye a sama tana cewa wancan ya karkace, a farke.

Mai Kanti ne ya ƙi. Gidansa ne a can saman layi, tsakar gidansa ta fi ta kowa girma, mota biyu na juyawa a ciki. Ya ce shi bai ga abin da ya haɗa simintinsa da ɗakin da ke can ƙarshen layi ba, kuma ruwa ai daga sama yake zuwa, a je a yi ƙara can. Gwaggo ta je da kanta ta same shi a ƙarƙashin mangwaronsa, inda yake zama da yamma. Ba ta yi zancen ɗaki ba. Ta ɗaga kai ta dubi ganyen da suka yi rawaya, ta dubi simintin da aka kai har jikin bishiyar ya shaƙe ta kamar wuyan riga.

"Alhaji, yaushe rabon da ta yi 'ya'ya?"

Mai Kanti ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. Shi ya dasa ta da hannunsa shekarar da ya tare.

"Ƙishirwa take ji," in ji Gwaggo. "Ruwa yana zuba a kanta yana wucewa gidana. Ni na ƙoshi, ita ba ta samu ba."

Washegari ya aiko a kira Magini. Ya ce a buɗe wa bishiyar ɗan zobe, kuma a sani don mangwaro ya yi, ba don kowa ba. Magini ya ce to. Zoben ya yi ta faɗi a hannunsa, duk lokacin da Alhaji ya leƙo sai ya ce ai saiwar ta kai nan, har ya zama ramin da ya fi na kowa a layin. Gida biyu dai ba su taɓa yarda ba, har yau rariyarsu tana amai in an yi ruwa, kuma Gwaggo tana yi wa matansu ɗinki kamar kullum.

Jemar aka dasa da yayyafin farko, ta kama. Ruwan gaske kuwa ya zo wata rana da hantsi, gari ya yi baƙi, iska ta ɗauke wankin mutane. Gwaggo ta tashi daga kan keke ta nufi ɗakin baya. Magini ya biyo ta.

"Yaya, ba na hana ki shiga nan ba?"

"To tsaya a bakin ƙofa ka riƙe bangon."

Bai tsaya a ƙofa ba, ya zo kusa da ita gindin taga. Kwanon rufi yana ƙara ba a jin magana. Da, kafin a ɗauke tukunya daga wuta ruwan layi ya iso yana ruri, ja wur, ɗauke da robobi da rassan itace. Yau suka jira. Gwaggo ta riƙe ƙarfen tagar. Da ruwan ya iso, ya iso ne kamar wanda ya yi tafiya ya gaji. Ya taru a bayan madatsar farko, ya cika, ya zubo ta tsakiya a hankali, ya zauna a ta biyu. Buhu ɗaya ya zame, sauran suka tsaya. Jema ta kwanta ta tashi. Daga bakin ramin da ke kusa da ɗakin ko ɓarɓashin ƙasa bai faɗa ba.

An daɗe ana ruwan. Da ya ɗauke suka zagaya baya, suka tarar mutanen layin sun riga su, wasu da lema wasu da buhu a ka. A bayan kowace madatsa laka ta kwanta lumus. Ramin da ya saba ɗauka, yau ajiyewa ya yi. Matar Direba ta rangaɗa guɗa, Mai Wanki yana ta gaya wa kowa cewa shi dama ya san abin da ya sa bai yi siminti ba, alhali kowa ya san rashin kuɗi ne. Mai Kanti ya aiko a gaya wa Gwaggo mangwaronsa ya sha ya ƙoshi.

Magini ya tsuguna ya taɓa gindin bangon ɗakin. A bushe yake. Ya miƙe ya shiga gida. Sai ga shi ya rungumo keken ɗinkin shi kaɗai, da ƙafafunsa na ƙarfe da komai, yana nishi, ya kai shi gindin taga ya ajiye a kan tsohon sawunsa.

"A hankali, Auta, ya girme ka."

"Gobe zan ɗinke miki tsagar nan," ya ce.

"Ka yi lafi mai kyau. Zan duba."

Shekaru sun wuce yanzu. Laka ta ci gaba da taruwa har kwazazzabon ya zama ɗan kwari mai ciyawa, matar Magini ta dasa ayaba a ciki. Babbar magudanar hukuma ta iso daga baya, ta tarar da aikin ya yi sauƙi. Injiniya takan kawo mutanen wasu layuka su ga ramukan tsakar gida, kuma duk zuwa sai ta shiga ɗakin baya da yadi a jaka, don tun tuni ta sallami telanta. Magini ba ya karɓar aikin daɓe sai an yarda da ramin kusurwa. In ya gama yana watsa bokitin ruwa kamar da, sai dai yanzu cewa yake yi, "Ku duba, a gida zai kwana."

Gwaggo ta tsufa, ta rage karɓar ɗinki, tabarau ya hau hancinta. A bangon tagar ana ganin sawun gyaran, layin siminti da ya ɗan fi sauran duhu, ta hana a shafe shi da fenti. Da safe takan buɗe tagar, ta ciro tef daga ƙusarsa ta rataya a wuya, ta ɗaga allura wajen haske. Zaren yana shiga.